Talatar Maman Manaja

Yaron nan tun bai cika shekara biyu ba ya samu muƙami. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya rantsar da shi, gidan ne kawai ya wayi gari ya ga yana da shugaban da ba ya magana sai nuni. In yana son ruwa sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna kofi, manyan mata biyu su zabura har suna karo a ƙofar kicin. In aka kawo kofin da ba shi yake nufi ba, sai ya kau da kai ya bar ki tsaye da kayanki. Ubansa direban babbar mota ne, mai kwana biyu a gida ya yi wata a hanya. Shi ya dawo wata rana ya zuba wa wannan mulki ido, ya ce, "Kai, wannan ai Manaja ne. Haka namu yake yi mana a ofis." Suna ya zauna daram. Uwar ma nata sunan ya bi ruwa, ta koma Maman Manaja har a bakin mai kawo musu gas.

Da farko abin dariya ne. Amma da yaro ya haura shekara biyu ko "Mama" bai taɓa cewa ba, sai dariyar ta fara tsayawa a rabin hanya. Matan benen suka shiga yi mata irin gaisuwar nan mai tausayi a ciki, wadda gara a zage ka da a yi maka ita. Kaka, wato uwar mijinta da ke zaune da su a ɗaki na biyu, ta ce babu komai. "Ubansa ma haka ya yi, yau wa ya isa ya rufe masa baki? Ku bar min maigidana, manya ba sa yawan surutu." Haka take faɗa. Amma in ta ɗauka ba mai ganinta, sai ta lallaɓa ta tafa hannu a bayan kunnensa ta ga ko zai waiwayo.

Kunne dai lafiyarsa ƙalau, asibiti sun duba. Su ne kuma suka haɗa su da wani ofishi da ke tura ma'aikata gida-gida wurin yaran da suka yi nawar magana ko tafiya. Ta haka Anti Talata ta fara hawo musu bene.

Gajeriyar mace ce mai jakar da ta kusa fin ta girma. Sunanta na yanka yana nan a jikin katin da take ratayawa a wuya, amma ba wanda ya taɓa wahalar karantawa, tunda ran Talata take zuwa. A cikin jakar nan babu allura, babu ƙwaya, babu ko wata na'ura mai ƙara da za ta sa mutum ya ji an zo masa da ilimi. Gwangwanayen madara ne wankakku, da murafen robobi, da wata 'yar tsana mai ido ɗaya. Takan tuɓe takalmi, ta ƙi kujera, ta baje a ƙasa kamar 'yar gida. Maganinta kuma ɗaya ne tak, shi ne jira.

"In ya nuna kofi kar ki tashi da gudu," in ji ta ga Maman Manaja. "Ɗauko kofin, ki zauna daidai idonsa, ki ce 'ruwa', sannan ki ja bakinki. Ki bar masa wurin da zai sa tasa."

"Har yaushe?"

"Har shirun ya dame ki. Sai ki ƙara kaɗan."

Kaka da ke bakin ƙofa ta riƙe haɓa. "Yanzu ke 'yar nan, albashi ake biyanki ki hau bene ki hana yaro ruwa? Ai ko ni da ban yi boko ba na iya wannan muguntar."

"Ba hana shi za a yi ba, Kaka. Ko 'uu' ya ce, a ba shi."

"A to. Duniya ta zo ƙarshe, jira ma ya zama sana'a."

Amma ba darasin kofi ne ke sa Maman Manaja ta share ɗaki ta ɗora ruwan shayi tun da hantsi ran Talata ba. Wata tambaya ce. Kafin Anti ta buɗe jaka takan dube ta ta ce, "Kafin mu zo kan Manaja, ke fa? Yaya kike?" Sai ta yi shiru, irin shirun nan dai da take yi wa yaron.

Ran farko Maman Manaja ta ce "Lafiya lau," kamar yadda kowane mai hankali ke cewa. Anti ba ta tanka ba, ta ci gaba da kallonta kawai. Shiru ya yi tsawo, ya ƙara tsawo, sai ga mace da girmanta tana kuka wiwi wai famfon kicin yana ɗiga. Ba famfon ba ne, ita ma ta sani. Tun da aikin miji ya kawo su garin nan, nesa da danginta, ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take ya tsaya jin amsa. Maigidan yana kira kullum, ba a raba shi da wannan ba, amma kiran nasa a jere yake kamar hadda: ya Manaja, ya Inna, akwai abin da ya ƙare, to bari in kama hanya. Kaka kuwa tana sonta, amma so ne irin wanda ke fitowa ta hanyar cewa gishiri ya yi yawa. Gaskiyar magana, kaɗaici ne ke cin Maman Manaja a gidan da ba ta taɓa zama ita kaɗai ba, kuma wannan awa ɗaya ta Talata ita ke riƙe mata sauran satin.

Magani dai ya ci. Kalmar farko da Manaja ya furta ba "Mama" ba ce, ba "Baba" ba. "A'a" ce. To me kuke tsammani daga manaja? Bayanta sai "bari," sai "nawa ne." Kafin shekara ta zagayo baki ya ɓalle, ba mai iya tare shi. Da yake kuma a gindin Kaka yake wuni, maganar tsofaffi ya kwasa. Yaro ɗan shekara uku da 'yan watanni sai ya zauna ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, duniya!" In biskit ɗinsa ya faɗi ƙasa ya dube shi ya ce, "Ikon Allah sai kallo."

Ana cikin haka, wata Talata Anti na mayar da gwangwanayenta cikin jaka ta ce, "Sati mai zuwa ba ni kaɗai zan zo ba. Masu ɗaukar nauyin ofishinmu sun turo mai tantancewa. Yana so ya gani ko aikin nan na da amfani, ko shayin mutane kawai muke bi muna sha. An yi ƙuri'a, gidanku na cikin waɗanda suka fito."

"To me zai yi mana?"

"Kallo kawai. In ya ga ba abin da muke tsinanawa, su janye hannu, a rufe ofis, kowa ya kama gabansa." Ta yi dariya. "Amma ke me zai dame ki? Manaja ai shi ne abin tinƙahonmu. Mutumin na jin bakin nan zai ce ya kai, a yaye ku, ni kuma in hau wani benen. Akwai yara a layi suna jira."

Don ta faranta mata ta faɗa, baiwar Allah. Maman Manaja ta raka ta har matakala tana murmushi, ta dawo ta jingina da ƙofa. In yaro ya yi shiru, a rufe ofis, Anti ta tafi. In ya yi magana, a yaye su, Anti ta tafi. Gaba kura, baya siyaki. Wace irin jarrabawa ce wannan, ko ka ci ko ka faɗi duk korarka za a yi?

Tana barbaɗa gishiri a tukunya dabara ta faɗo mata. Rabi! Yaro zai yi magana, amma rabi. Daidai yadda za a ce aikin Anti yana ci, ba daidai yadda za a ce ya ƙare ba. Ta ji daɗin wannan basira tata har ta ƙara wa miyar gishiri ba ta sani ba. Jama'a, ana buɗe taga rabi, ana rage wutar risho rabi, amma wanda ya taɓa zama da ɗan shekara uku ya san ba shi da wannan maɓallin.

A wurin wanka ta fara ba shi horo. "Manaja, in baƙo ya zo ran Talata, ka ce 'ruwa', ka ce 'Mama', sai ka yi shiru. Ka ji ko?"

"Don me?" Wannan ita ce sabuwar kalmarsa, kuma da ita yake gasa wa mutane aya a hannu.

"Don haka na ce."

"Don me kika ce?"

"Don ni ce uwarka."

"Don me?"

Ta yi ta kewaye-kewaye har ruwan ya huce. Da ta gaji sai ta yi abin da ba a yi da yaro mai sabon baki, ta faɗa masa gaskiya. "Don in ka yi magana da yawa, Anti za ta tafi, ba za ta ƙara dawowa ba." Ya zuba wa kumfar da ke hannunsa ido. Ita ta ɗauka maganar ta bi ta bayan kunnensa ta wuce.

Ashe a ɗaya ɗakin ma an buɗe makaranta. Kaka ta ji an ce babban mutum zai zo jin bakin maigidanta, ta ga ranar da za ta rama wa matan bene gaisuwarsu ta zo. Ta tasa shi gaba safe da yamma: ƙirga min, ina hanci, ina ido, ce "sannu da zuwa." Yaro ya shiga nan a ce buɗe, ya fita can a ce rufe. Don kar a samu matsala, Maman Manaja ta sayo alawa mai sanda, irin babbar nan da ke cika baki, ta ɓoye a bayan gwangwanin sukari.

Ran Talata suka hawo su biyu. Anti ta ci ado, har da sabon takalmi. Bayanta wani dogon mutum ne siriri mai gilashi, rungume da kwamfutar hannu kamar jariri. Ya yi gaisuwa a taƙaice, ya dubi ɗakin, ya zaɓi 'yar kujerar Manaja ta roba da ke bayan ƙofa ya naɗe a kanta, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwansa.

"Don Allah ku yi kamar ba na nan," in ji shi.

Kaka ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Kai ɗan nan, duk tsawonka?"

Aka kawo shayi da biskit. Ya ce ya gode, ƙa'idar aikinsu ta hana su cin komai a gidan da suke dubawa. Kaka ta ajiye masa kofin a gabansa duk da haka, da ƙarfin da ya sa cokali ya yi tsalle, ta shige kicin tana gunaguni, Manaja na biye da zaninta. Daga wannan lokacin sunan mutumin a gidan ya zama Malam Ba-Na-Nan.

Anti ta baje a ƙasa. Yau ba ta yi tambayar nan ba, ko ta manta, ko tana jin nauyin baƙo. Maman Manaja ta ji rashin tambayar kamar an tsallake ta a rabo. Ta kira yaron, ta zare ledar alawa ta cusa masa a baki, ta zaunar da shi.

To, Manaja dai manaja ne, ba ya aikin rabi. An ce masa ya rage magana, shi kuwa ya tafi yajin aiki gaba ɗaya. Anti ta jera gwangwanaye ta rusa, abin da kullum ke sa shi ihun "Sake! Sake!" Ya kalle ta kamar bai taɓa ganin gwangwani ba. Ta fito da 'yar tsana mai ido ɗaya ta ce, "Wa ke nan?" Ya juya alawa daga wannan kunci zuwa wancan. Ta ɓoye murfi a tafin hannu ta ce, "Ina ya tafi?" Ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna hannun, irin nunin shekarar bara sak, kamar Anti ba ta taɓa taka benen nan ba.

Daga bayan ƙofa sai ƙas, ƙas, ƙas, Malam Ba-Na-Nan yana danna kwamfutarsa.

"Maigida, ƙirga masa mana!" in ji Kaka, da ta dawo daga kicin. "Ɗaya, biyu... Haba maigida, kar ka ba ni kunya a gaban mutane! Malam, wallahi jiya da bakinsa ya ce min tsohuwa mai rigima."

"Ba na nan, Hajiya," in ji mutumin, ko kai bai ɗago ba.

"Allah Ya sa ka ɓace gaba ɗaya," in ji Kaka ƙasa-ƙasa.

Maman Manaja ta fara zufa. Ba haka aka shirya ba. Ina "ruwa"? Ina "Mama"? Ta ƙifta masa ido, ta ɗan zungure shi da yatsan ƙafa, ya matsa gefe. Sai ta dubi Anti, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Muryar Anti ta sirance, dariyarta ta zama ta dole, ko gwangwanin da take ɗorawa ya ƙi zama. Sabon takalmin nan ya ci mata dunduniya, ga wurin ya yi ja. Ashe Anti ma tana jin tsoro. Duk tsawon shekarar nan Maman Manaja ba ta taɓa kawowa a ranta cewa matar nan na da abin da ke hana ta sukuni ba, ko sau ɗaya kuma ba ta taɓa ce mata "ke fa?" ba. Kunya ta kama ta, irin mai zafin nan da ke tasowa daga wuya.

Alawa ta ƙare, saura sanda. Zaƙi ya kawo ƙishi. Manaja ya ɗaga yatsa ya nuna kofinsa da ke kan tebur.

Kaka ta yunƙura. Sai ta ji an riƙe mata gefen zani. Tun da aka kawo Maman Manaja gidan nan ba ta taɓa tare surukarta a kan komai ba, yau ga hannunta a zanin tsohuwa.

"Inna, a yi min haƙuri. Mu jira."

Ta ɗauko kofin da kanta. Ta durƙusa daidai idonsa, ta ce, "Ruwa," ta ja bakinta. Ta san abin da take yi sarai. In ta miƙa masa kofin nan yanzu, shiru ya tabbata, ita da Anti su nutse tare. In ta jira, bakin nan zai iya buɗewa, kuma in ya buɗe ba ta da murfinsa. Da hannunta take sallamar matar da ta fi buƙata a duniya, amma ta riƙe kofin ta jira.

Ɗakin ya yi tsit, har ɗigar famfon kicin ana ji. Manaja ya ƙara miƙa yatsa. Ba ta motsa ba. Ya dubi Kaka, Kaka ta dubi silin tana motsa baki. Shirun ya dami Maman Manaja, ya dame ta ƙwarai, sai ta ƙara kaɗan.

"Ruwa," in ji Manaja.

Alhamdu lillahi! Kalma ɗaya, tsaf, ba ƙari. Ta miƙa masa kofin, zuciyarta na cewa ashe dai dabarar za ta yi, ga rabin nan ya fito daidai awo. Ya kafa kai ya shanye, ya ajiye kofi, ya goge baki da bayan hannu, ya yi ajiyar zuciya.

"Kai, duniya!" in ji shi. Sannan ya juya ya nuna Malam Ba-Na-Nan da sandar alawa. "Wannan ba mutumin arziki ba ne. Ya raina mana shayi. Kaka ta ce da ganin wuyansa ba ya ƙoshi a gidansu."

"La'ilaha!" in ji Kaka. "Yaushe na ce? Ɗan nan sharri gare shi!"

"A kicin kika ce."

Anti ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ƙas-ƙas ɗin bayan ƙofa ya koma kamar ruwan sama a kan kwano. Sai kuma Manaja ya tsaya cak. Ya zaro ido, ya sa hannu biyu ya rufe bakinsa, ya tuna. Ya rarrafa ya haye cinyar Anti ya cukuikuye katin da ke wuyanta.

"Anti, na manta ne. Kar ki tafi. Mama ta ce in na yi magana za ki tafi, ba za ki ƙara dawowa ba. Na daina. Kin ga na daina."

Ba wanda ya yi dariya. Maman Manaja ta so ƙasa ta tsage ta shige, amma a bene suke, ko ta tsage ɗakin maƙwabta za ta faɗa. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ledar ɗaki. Kaka ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi surukar tata, ta daɗe tana dubanta, sai ta mayar da bakin ta rufe.

Malam Ba-Na-Nan ya daina dannawa. Ya cire gilashi ya goge da gefen riga. Ya miƙa hannu ya ɗauki shayin nan da ya riga ya huce ya kurɓa, ƙa'ida ko oho.

"Maman yaro," ya ce, "akwai tambayar da nake yi wa kowa a ƙarshe. Me aikin nan ya ƙara miki?"

Ta share fuska. Ta san amsar da ake so, yaro ya yi baki, an koyi dabaru, an gode. Abin da ya fito daban ne.

"Talata," in ji ta.

Ya dubi kwamfutarsa, ya ja sama, ya ja ƙasa, da alama babu gurbin da aka tanada wa wannan. Ya dai rubuta wani abu. Sannan ya ce, a hankali, shi abin da aka turo shi gani ya gani. Ba bakin yaron ba ne kawai, wanda ya riƙe kofin ne. Ba ma'aikaciya ce ta riƙe ba, uwa ce, kuma ba wanda ya ce mata ta yi. In gida ya kai nan, aikinsu ya ƙare. Ya faɗa kamar mai ba da albishir, da ya ga fuskarta kuma sai ya ƙarasa shayinsa ya miƙe.

A matakala, bayan mutumin ya yi gaba, ta kama hannun Anti. "Ki yafe min. Na kusa jawo miki."

"Ke tafi can," in ji Anti, tana dariya idonta jawur. "Kin ɗauka ke kika fara? Akwai wadda ta tura nata ɗan gidan maƙwabta ta aro na ƙanwarta mai jin kunya. Ke ai alawa kawai kika saya."

"Anti... ke fa? Yaya kike?"

Anti ta buɗe baki za ta ce lafiya lau. Maman Manaja ta yi shiru tana kallonta. Anti ta nuna ta da yatsa. "Kar ki kuskura ki yi min aikina a kaina." Ta tuɓe sabon takalmin ta riƙe a hannu, ta zauna a kan matakala, suka daɗe a wurin.

Ofis dai bai rufu ba. An yaye su Manaja bayan 'yan makonni, aka ba shi ƙwallo da takardar yabo mai hoton tauraro. Kaka ta bi ɗakunan benen ɗaya bayan ɗaya da takardar nan, har da waɗanda ba ta gaisawa da su. Maigidan ya kira ya ce madalla, ya Inna, akwai abin da ya ƙare. Anti kuwa aka ba ta wani gida can wata unguwa, wurin wata yarinya da ta ƙi tafiya.

Talatar farko da ba kowa, Maman Manaja ta share ɗaki ta ɗora ruwan shayi kafin ta tuna. Har ta jera kofi biyu. Ta tsaya tana kallonsu, ta rasa wanda za ta mayar. Sai ta bar su, ta zauna a ƙasa inda ta saba zama, ta jingina da gado. Kewa ta taso mata, ba ta hana ta ba.

Manaja ya shigo yana jan tsohuwar jakar cefane a ƙasa, ya cika ta da murafen tukwane. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya zo ya baje a gabanta, ya ajiye jakar gefe bai buɗe ba. Ya gyara zama, ya dube ta daidai ido.

"Kafin mu zo kan Manaja," in ji shi, "ke fa? Yaya kike?"

"Lafiya lau," ta ce.

Bai tanka ba. Ga biskit a faranti kusa da gwiwarsa, ko kallonsa bai yi ba. Ya naɗe hannuwa a cinya, ya ci gaba da kallonta, yana jira.